Mutumin da Yake Gyara Auren Mangwaro a Ɓoye

Malamai, 'yan'uwana a aikin alli da allo, na makarantar Lahadi da na boko, an ce in yi muku magana a kan yadda malamin aji yake zama shugaba. Ni ban iya dogon bayani ba, misali na iya. Malam Gidiyon, ka ajiye wayar nan tukuna, ba za ta gudu ba.

Akwai wani maigida da yake da lambu a bakin fadama. A ciki akwai rijiya biyu, da gwaiba, da lemo, amma abin da ya sa aka san lambun shi ne wata bishiyar mangwaro guda ɗaya, wadda mahaifinsa ya kawo daga ƙasa mai nisa. 'Ya'yanta ba su da zare, ƙwallonsu siriri ne, ga zaƙi, har tsohuwa marar haƙori tana sha da cokali. Ma'aikatan lambun suna kiranta Uwa.

To, bishiyar nan tana da wani hali. In ka shuka ƙwallonta, abin da zai fito ba irinta ba ne, mangwaron bakin hanya ne, mai zaren da zai wuni a haƙoranka. Hanya ɗaya ce ake samun irinta, wato aure. Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, ga yadda ake yi. Ana shuka mangwaro na gargajiya, a rene shi har ya kai kaurin ɗan yatsa. Sai a sare kansa, a tsaga shi kaɗan. A yanko ɗan reshe daga jikin Uwa, a fiƙe gindinsa, a cusa a cikin tsagar, a naɗe da leda a ɗaure. Bayan mako uku, in ya kama, za ka ga toho. In bai kama ba, reshen ya yi baƙi ya bushe, shi ke nan.

Ma'aikata biyar ne a lambun. Babbansu a shekaru ana ce masa Mai Aska, saboda wata 'yar aska da ba ya rabuwa da ita. Duk abin da ya aura sai ya kama. Akwai maza uku, magidanta, kowa da iyalinsa. Akwai kuma wata gwauruwa da ta shigo aikin a shekarar da mijinta ya rasu. Da ban ruwa ta fara, amma idonta kullum yana kan hannun Mai Aska. Wata rana ta roƙe shi ya koya mata. Ya nuna mata sau ɗaya, da sauri, kamar mai gudun hadari, ta gwada, ya duba ya ce ta iya. Haka ya yi wa mazan nan uku ma.

Maigida ya ga hannun mutumin nan, sai ya kira shi ya ce yana so ya ɗora shi a kan sauran, ya zama shi ne mai koya musu da duba aikinsu. Mai Aska ya sunkuyar da kai ya ce shi ba mutumin ba da umarni ba ne, a bar shi da bishiyoyinsa.

Maigida ya ce, “Ban ce ka ajiye askarka ba. Cewa na yi ka juyo da fuskarka wurinsu in kana aiki.”

Amma ya ƙi. Maigida kuwa bai tilasta masa ba. Kowa ya ji labarin ya ce lalle mutumin nan yana da tawali'u.

Yanzu ku ji abin da ba wanda ya sani. Kowace shekara a lokacin aure, ana ba kowane ma'aikaci layinsa. Da rana ta take, sai su tafi gindin tsamiya cin abinci. Mai Aska sai ya ce shi bai ji yunwa ba tukuna, su fara. Da sun ba da baya, sai ya bi layinsu ɗaya bayan ɗaya yana kwancewa.

Kuskurensu guda ɗaya ne, kuma duk su huɗu suke yin sa. Reshen Uwa ya fi siranta a kan itacen da ake aura masa, su kuwa sai su sa shi a tsakiyar tsagar daidai, don ya fi kyan gani. Alhali rai ba a tsakiya yake ba, yana ƙarƙashin ɓawo. Sai ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne, kafin ruwan wannan ya shiga wancan. Abin da Mai Aska yake yi bai wuce ya matsar da reshen kaɗan zuwa gefe ba, ya sāke naɗewa. Har ɗaurin kowa ya sani. Gwauruwa takan ɗaure sau biyu ta bar ɗan jela, shi ma sai ya ɗaure sau biyu ya bar ɗan jela.

Bayan mako uku layuka su yi kore shar, kowa ya yi murna da aikin hannunsa. Shekara goma sha ɗaya ana haka. Duk abin da ya kama kuwa sayarwa ake yi a kai shi nesa, ba a bar ko ɗaya a lambun ba, tun da ga Uwa a tsaye.

Kada ku yi saurin yanke masa hukunci. Ba mugunta ba ce. Ba ya iya ganin reshe yana mutuwa ya ƙyale. Ba ya kuma iya duban magidanci mai furfura ya ce masa bai yi daidai ba, kunya ba ta barinsa. Gyarawa minti biyu ne, koyarwa kuwa wata ne, ga ɓacin rai. Amma tun da a gidan Ubangiji muke, bari in faɗi sauran gaskiyar: akwai wani ɗan daɗi da yake ji a ƙasan zuciyarsa, in ya tuna cewa lambun nan duka a kan hannunsa yake tsaye, ba wanda ya sani sai shi.

A shekara ta goma sha biyu abu biyu suka zo tare. Hannun Mai Aska ya fara rawa, har in ya ɗauki moɗa ruwa yakan zube masa a riga. Gara kuma ta shiga Uwa ta ƙarƙashi, ba a ankara ba sai da rassa suka fara bushewa daga sama. Maigida zai yi tafiya mai nisa, ya tara su a gindinta, ya ɗora tafinsa a jikinta ya ce ba za ta ga ƙarshen damina ba. Ya roƙe su su ɗebi duk reshen da ke da rai su aura, domin in ta tafi ba ta bar baya ba, irin mahaifinsa ya ƙare a lambun. Ma'aikatan suka ce ya kwantar da hankalinsa, ai su huɗu duk sun iya, ko Baba Mai Aska bai taɓa aska ba.

Suka yanki reshe sittin, suka aura, kowa sha biyar. Rana ta take, suka tafi gindin tsamiya. Mai Aska ya ce bai ji yunwa ba tukuna.

Ya tsuguna a gaban na farko, ya kwance. Hannu ya yi rawa, reshen ya faɗi a ƙasa, fuskar yankan ta cika da turɓaya. Ya kwance na biyu, ya karye masa a yatsa. Ya kai hannu ga na uku, sai ya janye. Ya dubi layukan nan huɗu, ya san abin da ke ƙarƙashin kowace leda, ya kuma san ba abin da zai iya yi. Allah sarki. Ya zauna a ƙasa har suka dawo.

Mako uku yana zuwa da sassafe yana bin layuka, yana neman ko da ɗigon kore ne. Yana marmarin hannunsa na dā kamar yadda ake marmarin wanda ya rasu. Guda biyu suka yi ɗan toho, suka yanƙwane a mako na huɗu. Sauran duka suka yi baƙi.

Ma'aikatan suka shiga neman dalili. Wannan ya ce zafin bana ne, wancan ya ce ledar ce ba ta da kyau, na ukun ya ce baki ne ya kama lambun. Gwauruwa ba ta ɗora wa kowa ba sai kanta. Ta zauna a bakin layinta tana juya hannuwanta tana dubawa, tana tambaya me ya same su bana. Mai Aska yana jin su, kwana biyu yana ɓoye musu gaskiya. A jikin Uwa kuwa reshe ɗaya ne kaɗai ya rage da ganye, wanda yake fuskantar gabas. Aka ƙirga abin da za a iya yanka a jikinsa, guda tara.

A rana ta uku ya ji suna shirin yanko taran nan su sāke gwadawa. Sai ya kira su, ya ɗauko ɗaya daga cikin matattun, ya kwance, ya nuna musu inda reshen yake zaune a tsakiya, ba ya taɓa ɓawo ta kowane gefe. Ya gaya musu kome. Ya gaya musu tsakar rana, da yunwar da yake cewa bai ji ba, da ɗaurin kowa da ya koya.

Gwauruwa ce ta yi magana, muryarta a ƙasa.

“Baba, shekara goma sha ɗaya ina komawa gida ina gaya wa 'ya'yana uwarsu ta iya auren bishiya. Shi kaɗai ne abin da na ɗauka na iya a duniya. Da ka bar nawa sun mutu a shekarar farko, da na yi kuka mako ɗaya na koya.”

Ta ɗauki guganta ta tafi, ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta saro rassan mangwaron gargajiya dami guda ta zube a gabansa, ta ce masa ga abin gwaji, yau ba sauri. Ya zauna a kan turmi, ya sa hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne, don ya san halinsu. Ta yanka, ta cusa, ta naɗe. Ya ce ta kwance ta duba da kanta. Ta kwance, ta ga a tsakiya ta sa, domin hannun da ya saba shekara goma sha ɗaya ba ya jin magana a rana ɗaya. Ta sāke, ta sāke. Ya koya mata ta rufe ido ta bi wurin da farcen babban yatsa, in ta ji tudu ba su haɗu ba, in ta ji sumul sun haɗu. Sau da yawa ya ji kamar ya fizge askar, sai ya ƙara danne hannu. Kwana biyu suna haka. A rana ta uku, da yake shi ba ya iya nunawa, ita ce ta tsaya a gaban mazan nan uku tana nuna musu, yana gefe yana jin maganarsa tana fita daga bakinta, ta ma fi shi iya faɗa.

Ranar yanka taran ta zo. Mai Aska ya ja ta gefe ya ce tun da hannunta ya fi na sauran, ita kaɗai ta aura su duka, kada a yi kasada da abin da ba shi da madadi.

Ta dube shi ta ce, “Baba, so kake in zama kai?”

Ta ba kowane namiji biyu biyu, ta riƙe uku. Suka aura, kowa yana kallon na kowa, wanda ya ga abu ya faɗa tun ba a ɗaure ba.

Da rana ta take suka tafi gindin tsamiya. Mai Aska bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi wurin layin ba. Sai ya tarar da gwauruwa zaune a bakin layin, da kwanon tuwonta a cinya. Ta matsa masa wuri ta ce, “Zauna, Baba, mu ci. Yau kana jin yunwa.” Ya zauna, suka ci.

Mako ukun nan sun fi masa shekara tsawo. Guda huɗu suka kama: biyu nata, ɗaya ɗaya na maza biyu. Na namiji na uku duka biyun suka mutu, ya je da kansa ya kwance, ya ga inda ya kuskure, ba wanda ya ce masa baki ne ko zafi. A tsakiyar damina iska ta kayar da Uwa.

Da maigida ya dawo, ya tsaya a kan kututturen ya daɗe, sa'an nan aka kai shi wurin 'yan bishiyoyi huɗu. Mai Aska ya durƙusa ya faɗi laifinsa. Maigida ya tashe shi ya ce, “Lambu biyu na damƙa maka, na itatuwa da na mutane. Na farkon ka kula da shi da kyau. Na biyun sai da hannunka ya mutu ka shiga cikinsa.” Ya ɗora gwauruwa a kan aikin, da askarta a hannu. Mai Aska kuwa bai bar zuwa ba. Yakan zauna a kan kututturen Uwa yana kallon guda huɗun, yana tuna sittin.

Ma'anar wannan misali ita ce, maigida shi ne Ubangiji, wanda makaranta da 'ya'yan cikinta nasa ne. Lambu shi ne makarantarku, ko ta Lahadi ko ta Litinin. Uwa ita ce sanin aikin da ke hannun tsofaffin malamai: yadda ake sa yaron da ya ji tsoron karatu ya buɗe baki, yadda ake shiga aji mai hayaniya a kwantar da shi ba tare da bulala ba. Wannan sanin ba ya gaduwa da kansa, kamar yadda ƙwallon Uwa ba ya fitar da irinta. Sai an yanka daga mai rai an haɗa da mai rai. Gara ita ce shekaru, tana cin kowa ta ƙarƙashi.

Mai Aska shi ne malamin kirki da ya rufe ƙofar ajinsa. Yana cewa shi ba ya son shugabanci, alhali yana yin sa a ɓoye, ta hanyar da ba ta gina kowa. Shi ne wanda in sabuwar malama ta kasa riƙe ajinta, sai ya ce ta je ta huta ya riƙe mata. Shi ne wanda yake tsara jarrabawar kowa, da waƙoƙin Kirsimeti, da jawabin ranar iyaye, don ya fi sauri. Malama Tabita, na ga kin sunkuyar da kai, ba ke kaɗai ba ce.

Ku lura, maigida bai ce a ajiye aska ba. Da yawanmu muna tsammani shugabanci shi ne a fitar da kai daga aji a ba ka ofis da kujera mai juyawa. A'a. Gwauruwa ta zama shugaba tun kafin a naɗa ta, ranar da ta tsaya a gaban 'yan'uwanta tana nuna musu, da ranar da ta raba taran nan. Malami yana fara shugabanci ranar da ya ce wa na ajin kusa ya zo ya zauna a baya ya ga yadda yake yi, gobe shi ma ya je ya ga nasa, su faɗa wa juna gaskiya. Zai yi asara, domin da ita kaɗai ta aura, wataƙila da shida sun kama. Amma da lambun ya koma kan hannu ɗaya.

Yanzu bari in gaya muku inda na samo misalin nan, don kada ku ce tsohon nan ya zo yi mana faɗa.

Shekara ashirin da shida na yi ina koyarwa a firamare, tara daga ciki ina hedimasta. Aka turo mana wata malama, Biriskila Dauda, mai son yara, mai murya kamar ƙararrawa. Littafin shirin darasinta kuwa, sai a hankali. Kowace Juma'a malamai sukan ajiye littattafansu a teburina in duba. Nata nakan ɗauka in gyara da fensir, in sāke jera mata darasin, in sa hannu in rubuta cewa ya yi kyau. Ita ta ɗauka 'yan gyare-gyare ne irin na kowa, sai ta bi abin da ta gani ta koyar. Ban taɓa zaunar da ita na ce ga dalili ba. In masu duba makarantu za su zo, nakan shiga ajinta kwana ɗaya kafin nan in shirya yaran. Suka yaba mata shekara huɗu a jere, har aka ɗauke ta aka ba ta wata makaranta ta riƙe, da malamai bakwai a ƙarƙashinta. Ranar da za ta tafi ta durƙusa ta yi mini godiya, ni kuwa na karɓa.

Ba ta cika shekara biyu ba. Malamanta suka kawo mata littattafansu, ba ta san abin da za ta duba ba. Na ji ta ajiye aikin gaba ɗaya, ta ce wa wata ƙawarta ashe dā ma ita ba malama ba ce. Malama ce. Ni na hana ta zama abin da za ta zama, na kuma yi haka da fara'a.

Na je gidan iyayenta, aka ce sun tashi. Na tambaya a ikkilisiyarsu, aka ce ta yi aure ta bi mijinta kudu. Shekara goma sha bakwai ke nan. Duk taron malamai da na je irin wannan, sai na bi layukan kujeru da ido, ko zan ga fuskarta. Yau ma na duba kafin in fara magana.

Ku da hannunku bai fara rawa ba tukuna, Lahadi mai zuwa ku buɗe ƙofar ajinku, ku kira wani ya shigo. In kun ga kuskuren ɗan'uwa, ku faɗa masa da rana a gabansa, ku danne hannunku ya gyara da kansa. In kuma akwai wanda ya san inda Malama Biriskila take, don Allah ya gaya mata tsohon hedimastanta yana nemanta. Akwai abin da ya kamata in nuna mata tun ranar Juma'ar farko, ba zai ɗauke mu fiye da awa ɗaya ba.

Mu yi addu'a.